Babi na Huɗu: Ruwa Garau

Tibiri gari ne na Gobirawa, 'yan kilomita kaɗan arewa maso yamma da Maraɗi, a bakin gulbi. Wajen 1836 aka kafa shi, bayan yaƙin Gawakuke, kuma har gobe a nan fadar Sarkin Gobir take a ɓangaren Nijar. A tsakiyar shekarun 1980 garin ya samu abin da kowane ƙaramin gari a ƙasar Hausa yake roƙo: an haƙa masa rijiyar burtsatse mai zurfi, an ɗora tanki, an ja famfo cikin unguwanni. Abin ya faɗo cikin shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware, daga 1981 zuwa 1990, don kai wa talakawan duniya ruwan sha, ga shi kuma mutane ba su gama farfaɗowa daga farin 1984 ba. Duk wanda igiyar guga ta taɓa cin tafin hannunsa, ko ya taɓa tsayawa bakin rijiya da bazara yana jiran ruwa ya taru a ƙarƙashin laka, ya san darajar famfo a ƙofar gida.

Ruwan garau yake. Ba wari, ba tsami, ba laka a gindin randa. Daga 1985 mutanen gari suka shiga shan sa, suna dama fura da shi, suna dafa tuwo, suna dama wa yara koko, aka ɗauki kimanin shekara 15 a haka.

Haƙoran yara ne suka fara nunawa. Yaro zai yi famfara, sabon haƙori ya fito da farare-fararen tabo, daga baya ya rine ya koma ruwan ƙasa, wani ma ya riƙa gutsurewa. Sai abin ya gangara ga ƙashi. Aka ga yara suna tasowa da gwame, wasu ƙafafunsu sun lanƙwashe waje, wasu kai ya yi girma fiye da jiki, gaɓoɓi na ciwo, tafiya na gagara. Da aka auna ruwan, sai aka tarar sinadarin fulorayid da ke ciki ya kai tsakanin miligiram 4.8 zuwa 6.6 a kowace lita, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya 1.5 ce. Wato ya ninka iyakar sau uku zuwa huɗu. Rahotannin wancan lokaci sun ambaci yara kusan 5,000 da abin ya taɓa, ɗaruruwa daga cikinsu da nakasa a ƙashi. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ta kai kamfanin ruwa na gwamnati ƙara, kuma a 2002 ita da ƙungiyar FIDH ta ƙasa da ƙasa suka fitar da rahoto a kan yaran Tibiri.

Babu wanda ya zuba guba a rijiyar nan. Daga ƙasa ta fito. Akwai duwatsu da ke ɗauke da fulorayid tun halittarsu, ruwan da ya daɗe kwance a cikinsu kuwa yana narkar da shi sannu a hankali. Shi ya sa sau da yawa ruwa mai zurfi, wanda ya shekara aru-aru a ƙarƙashin ƙasa, ya fi ɗaukar sa a kan ruwan fadama da ke sabuntuwa kowace damina. Kaɗan daga cikinsa amfani ne da shi, don yana kare haƙori daga ruɓewa, kuma da gangan ake saka shi a man goge baki. Idan ya yi yawa ne yake shiga cikin haƙorin da ke ƙulluwa a dasashi da ƙashin da ke girma, ya ɓata gininsu. Haƙoran dindindin suna ƙulluwa ne kafin yaro ya kai shekara takwas, saboda haka tabon da aka gani yau labari ne na ruwan da yaron ya sha shekaru da suka wuce, kuma ba ya goguwa da asuwaki ko gawayi. Abubuwa biyu sun ƙara tsananta lamarin a irin ƙasarmu. Na farko zafi: inda rana ke haura maki 40 a watan Afrilu, mutum yana shan ruwa fiye da na ƙasar sanyi, gubar da ke shiga jikinsa ma ta fi yawa. Na biyu abinci: yaron da ba ya samun nono da sauran abincin da ke gina ƙashi, fulorayid ya fi saurin kama shi. Ɗan talaka dai shi ne a gaba.

Tambayar da ta fi damuna ita ce yadda abu irin wannan zai ɗauki shekara goma sha wani abu a gari guda ba a tare shi ba. Amsar tana cikin yanayin gubar. Ba ta kashe kowa ranar da ya sha. Da amai da gudawa ne, kafin mako ya zagayo kowa ya san rijiyar da ta jawo. Wannan kuwa tana aiki a ɓoye, shekara bisa shekara, kuma manya da haƙoransu suka riga suka ƙullu ba sa ganin komai a bakinsu. Uwa za ta ce, "Ai ni ma shi nake sha, me ya same ni?" Gaskiya ta faɗa iyakar abin da idonta ya nuna mata. Mu kuma a ƙasar Hausa, idan ƙafar yaro ta karkace, baki ya fi saurin kai wa ga shan inna, ko iska, ko sammu, ko a ce gadon dangin uba ne. Ko ma'aikacin asibiti, idan bai taɓa ganin irinsa ba, zai iya ɗauka ciwon ƙashi ne na rashin abinci, don sun yi kama. Wa zai zargi famfo, bayan shi ne ruwa mafi kyan gani a garin?

Akwai ma wani dalili da ya fi wannan zurfi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ishmawi ko Risala ya san siffofi uku da ake duba ruwa da su: launi, ɗanɗano, ƙanshi. Idan babu wanda ya jirkita, ruwan mai tsarki ne, ana alwala da shi, ana wanka. Hukunci ne ingantacce a muhallinsa, wato tsarkin ibada. Malaman fiƙihu ba su ce wannan shi ne ma'aunin lafiyar ciki ba. Mu ne muka ɗauki ma'aunin alwala muka kai shi bakin randa, muka ɗauka duk ruwan da ya halatta a yi salla da shi ya halatta a ɗura wa jariri. Fulorayid ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Haka dalma, haka ƙwayar kwalara. Kofin ruwan da zai kwantar da gida guda yana iya tsallake siffofin nan uku lafiya lau.

Saboda haka ba na ɗora wa iyayen Tibiri laifi ko ƙanƙani. Abin da ido ba ya gani, na'ura ce ke ganin sa, kuma na'urar ba ta hannun mai dakan fura. Auna fulorayid ba wani aiki ne mai wuya ba. Akwai ƙaramar na'urar hannu da ke ba da sakamako cikin 'yan mintoci. Nauyin yana wuyan wanda ya haƙa, da wanda ya raba ruwan, da wanda ya karɓi kuɗin mutane a kansa. Duk wanda ya buɗe wa gari famfo bai auna ba, ko ya auna ya yi shiru, ya ci amanar mutanen da ba su da hanyar kare kansu.

Ba Tibiri kaɗai ba ce. A Bangaladash, tun daga shekarun 1970 aka dasa miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa don raba mutane da ruwan kududdufi da ke kashe yara da gudawa. Niyya mai kyau ce, kuma ta ceci rayuka. Sai a farkon shekarun 1990 aka tabbatar ruwan da yawa daga cikinsu na ɗauke da gubar asinik, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. Shi kuwa fulorayid, an san shi a Habasha da Kenya da Tanzaniya da Indiya, kuma kusa da mu an san shi a Langtang ta jihar Filato, da Kaltungo ta jihar Gombe, da Bongo a arewacin Gana, da yankin Mayo Tsanaga a arewacin Kamaru. Ba a kowane gari yake ba, kuma rijiyoyi biyu a gari ɗaya suna iya bambanta, gwargwadon zurfinsu da dutsen da suka huda. Wannan ne ya sa sakamakon burtsatsen maƙwabta ba ya isar maka.

Yanzu kuwa zamanin burtsatse muke ciki. Ɗan siyasa na haƙawa, attajiri na haƙawa, 'ya'ya na haƙa wa mahaifinsu da ya rasu sadakatul jariya, ƙungiyoyin waje na haƙawa a kafa allo da sunan mai bayarwa. Alheri ne, Allah ya saka. Amma a mafi yawan lokuta aikin mai haƙa yana ƙarewa ne a daidai lokacin da ruwa ya yi tsiri sama aka yi kabbara. A ɗauki hoto, a biya shi cikon kuɗinsa, ya naɗe kayansa. Ni a ganina, wanda ya iya kashe miliyoyi ya huda ƙasa, kuɗin kai kwalba ɗaya ɗakin gwaji ba zai gagare shi ba, kuma sadakarsa ba ta cika ba sai ya yi hakan.

Idan an samu fulorayid ya yi yawa, a san cewa dabarun da muka saba da su ba sa aiki a kansa. Tacewa da ƙyalle ba ta tare shi. Maganin kulorin ba ya taɓa shi. Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwa ne ke tashi a tururi, sinadarin ya zauna a tukunya. Mafita mafi sauƙi ita ce sauya inda ake ɗibar na sha da na girki, a bar wancan ga wanki da wanka da ban-ruwan gini, ko a gauraya shi da ruwan wata rijiya mai ƙarancin sinadarin har ya sauko ƙasa da iyaka. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta kusan babu fulorayid a cikinsa. A Kenya da Habasha ana tace ruwa da gawayin ƙashin dabba, wanda ke kama sinadarin, a Indiya kuma an daɗe ana amfani da alif da farar ƙasa a ma'auni sananne. Dukkansu suna buƙatar mai lura, don gawayin yana ƙoshi ya daina kamawa ba tare da ya nuna alama ba.

Sai dai kada labarin Tibiri ya sa mai karatu ya guji burtsatse ya koma tafki. Fulorayid matsalar wasu wurare ce. Abin da ke kashe yaranmu a ko'ina, kowace damina, ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida ne su koma baki: kwalara, taifot, atuni, shawara, da gudawar da ke tsotse yaro cikin kwana biyu. A 2021 kaɗai Najeriya ta lissafa mutum fiye da 110,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi ɗanɗanawa. A nan burtsatse mai kyau garkuwa ce. Mun kuma taɓa ganin abin da gyaran ruwa ke iya yi. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya, manoma kwance a lokacin shuka. Da ƙyallen tacewa, da sababbin rijiyoyi, da hana mai kurkunu shiga tafki, aka kawar da shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi. Yaran yanzu sai dai su ji sunansa a bakin kakanni.

Amma kurkunu a tafki yake, a bayan gari. Wannan abokin gabar kuwa, wato ƙwayoyin cutar bayan gida, a cikin gida yake kwana.

A duba tsarin gida a ƙaramin gari. Fili ƙafa hamsin-hamsin, wato wajen mita 15 kowane gefe. A kusurwa ɗaya masai, a ɗayar rijiya. Ƙa'idar da masu aikin ruwa ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da inda ake ɗibar ruwa, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A fili irin wannan, ko mai gida ya so bin ƙa'idar ba zai iya ba. Idan ma ya nisanta nasa, masan maƙwabcinsa na jingine da katangar da rijiyarsa take. Da rani abin yana lafawa. Da damina ta sauka, ruwan ƙasa ya taso, sai ramin masai da rijiya su zama ruwa ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, musamman inda ƙasar yashi ce. Ga kwata da ke malala daga sama ta faɗa rijiyar da ba ta da dakali, ga guga da ake yarwa a ƙasa inda kaji da awaki suka bi, a sake jefa shi ciki. Banda ƙwayoyin cuta, masai da takin zamani suna tura wa rijiya sinadarin naitiret, wanda idan ya haura miligiram 50 a lita yake hana jinin jariri ɗaukar iska, leɓɓansa su yi shuɗi. Jaririn da ake haɗa wa madarar gwangwani da irin wannan ruwa shi ya fi shiga haɗari, kuma shi ma naitiret tafasawa ba ta kore shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa likitoci ke nacewa a bar jariri a kan nonon uwa zalla har wata shida, ba tare da ɗura masa ruwa ba, duk da na san yadda kakanni ke jin tausayin yaro in ana zafi.

Rijiyar tsakar gida, in za a ci gaba da amfani da ita, tana son a ɗaga bakinta da gini, a yi mata dakalin siminti mai gangara waje, a sa murfi mai kulle, a ware mata guga ɗaya da ke rataye. Murfin nan aiki biyu yake yi. Babu garin da ba a taɓa zaman makokin yaro mai rarrafe ko mai tatata da ya faɗa rijiya ba, kuma ba sai rijiya ba ma: bahon wanki ko bokitin da aka bari da ruwa ya isa ya halaka yaro ɗan shekara ɗaya cikin 'yan mintoci, shiru, ba tare da an ji kukansa ba.

To, a ce ruwan ya fito daga famfo lafiyayye. Saura tafiyarsa zuwa baki, kuma a nan ne aka fi yin asara. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya auna ruwa a inda ake ɗiba, ya kuma auna wanda ake sha a cikin gida. Na cikin gida ya fi ƙazanta: kusan mutum tara cikin goma, ruwan da ke mazubinsu na ɗauke da ƙwayar da ke nuna taɓawar bayan gida. Mai ga-ruwa ya zuba a jarkar da cikinta ya yi kore, wadda wataƙila a da mai ko wani sinadari aka sayo a ciki, ya toshe bakinta da leda. A gida a juye a randa. Randa abar so ce, tana sanyaya ruwa ba da ko sisin lantarki ba, kuma ban ga dalilin raba mutane da ita ba. Bakinta ne matsala. Moɗa ɗaya ce, kowa ya zo ya tsoma ta har wuyan hannu: wanda ya fito daga masai, yarinyar da ta gama yi wa ƙaninta tsarki, yaron da ya taso daga wasan ƙasa. Ya kafa baki ya sha, ya mayar da ragowar, ya kife moɗar a kan faifai ko ya yar a ƙasa. Kafin azahar ruwan burtsatse ya koma na kududdufi, yana nan kuma garau.

Gyaran ba shi da tsada. A samu moɗa mai dogon mariƙi wadda aikinta ɗiba kawai, a rataye ta, a riƙa zubawa a wani kofi. Wanda ya samu hali ya sa magina su yi masa randa mai ƙaramin baki da famfo a gindi. A wanke randa a kai a kai maimakon a yi ta ƙara sabo a kan tsoho. A ajiye sabulu ko toka kusa da buta. Idan ruwan ya yi gurɓi, alif ko garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka, amma kwantar da laka ba kashe cuta ba ne. Dole a bi da tafasawa har ya yi ɓul-ɓul, ko a saka kulorin, irin su Aquatabs ko WaterGuard, bisa ma'aunin da ke jikin kwalin, a jira minti 30. Mutane suna ƙorafin warinsa. Warin nan shi ne shaidar cewa maganin na nan yana gadin ruwan har cikin randa, abin da tafasasshen ruwa ba shi da shi da zarar ya huce. Inda itace ya yi tsada, a cika gorar roba mai haske da ruwan da ba shi da gurɓi, a kwantar da ita a rana tsawon awa shida. Rana kuwa ba mu rasa ta ba. Idan gudawa ta riga ta kama yaro, ruwan gishiri da sukari shi ne farko: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana hanyar asibiti.

Mutanen Zamfara sun ga wani nau'in bala'in gubar da ido ba ya gani a 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya har Bagega. Dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da dalma, kuma a cikin gidaje ake daka shi ana niƙawa, a tsakar gidan da yara ke rarrafe ake kuma shanya hatsi, a wanke shi a bakin tafki da rijiya. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka rayu da gubar a jininsu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, don yaron da aka yi wa magani ya koma wannan tsakar gida, sake ɗauka zai yi. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wanda ba ya kusa da mahaƙar zinariya ma bai tsira gaba ɗaya ba: kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai a ido, asalinsa dutsen dalma ne, haka nan fasa tsohon batirin mota a cikin gida. Dalma ba ta da wani ma'auni da za a ce lafiya ne ga yaro, kuma ƙwaƙwalwa take ci.

Akwai wani haɗarin da ƙishirwar yaro ce ke kai shi gare shi. Gorar ruwa ko ta lemo da aka shanye, a gidajenmu ba a yar da ita. A ciki ake sayo kananzir, a ciki ake ajiye fiya-fiya da maganin feshin gona, a tura ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa. Yaro ɗan shekara biyu ya san gorar nan, daga cikinta aka saba ba shi ruwa, kananzir kuwa fari ne. Idan hakan ta faru, abin da aka saba yi, wato ɗura masa manja ko madara ko sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, shi ne mafi muni. Kananzir a huhu yake kisa, kuma amai ne ke tura shi can. A cire masa rigar da ta jiƙe, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da gorar don ma'aikata su san abin da ya sha. Jarkar maganin feshi kuma, ko sau nawa aka wanke ta, ba ta zama mazubin ruwa ko na mai. Haka iskar da garwashi da janareta ke fitarwa a rufaffen ɗaki: ita ma ba launi ba wari, tana sa barci mai nauyi da ba a tashi. Kaskon wuta a ɗakin mai jego da sanyin hunturu, ko janareta a zaure don gudun ɓarayi, sun sha kwashe iyali guda a dare ɗaya.

Abin da ke cikin gida, mai gida da uwargida za su iya gyarawa da hannunsu. Abin da ke cikin ƙasa kuwa sai gari ya haɗa kai. Kusan kowace burtsatse ta unguwa tana da kwamiti mai karɓar kuɗin jarka don sayen mai ko gyaran famfo. A cikin kuɗin nan ya kamata a ware na gwaji. A Najeriya jihohi suna da hukumomin ruwa da tsabtar karkara da ake kira RUWASSA, ga hukumomin ruwa na jiha, ga sassan kimiyya na jami'o'i. A Nijar akwai ofisoshin ma'aikatar ruwa a jihohi. A tambaye su yadda ake ɗibar samfurin, domin na gwajin ƙwayoyin cuta yana son kwalba ta musamman da sanyi da saurin isarwa. A nemi takardar ta nuna aƙalla ƙwayar bayan gida, da fulorayid, da naitiret, inda ake haƙar ma'adinai kuma a ƙara da dalma da asinik. Sinadaran ƙasa ba sa saurin canzawa, amma gwajin ƙwayoyin cuta yana son maimaici, musamman tsakiyar damina da bayan ambaliya. Takardar kuma kada ta kwana a aljihun shugaban kwamiti. A karanta ta a masallaci da fadar mai unguwa, a liƙa kwafinta a jikin tanki.

Kafin a kai ga ɗakin gwaji, malamin firamare da ma'aikaciyar asibitin gari suna da abin dubawa a gabansu kullum. A duba bakin yara 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu. Idan da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a unguwa ɗaya haƙoransu na gaba sun yi tabo iri ɗaya, waɗanda suka zo garin da girmansu kuwa nasu fes, to a tambayi inda gidajen nan ke ɗibar ruwa, a kai shi gwaji a makon. Kafin sakamako ya fito, masu ciki da yaran da ba su kai shekara takwas ba a nemo musu na sha daga wata rijiyar, a saka masa kulorin.